sqlite3, peewee ko SQLAlchemy: wanne ya dace da manhajar kanti a Katsina?

Aikin farko da ke kawo wa matashin mai rubuta manhaja kuɗi a garin nan kusan iri ɗaya ne. Ko dai mai kantin magani a Ƙofar Kaura yana son sanin abin da ya rage a shago ba sai an sauke kwalaye ba, ko shugaban makarantar Islamiyya yana son ganin waɗanda suka biya kuɗin zango, ko kuma dillalin taki a Daura ya gaji da littafin bashi. Dukansu abu biyu suke nema: a ɗauko bayani daga rumbu a nuna, a gyara shi a mayar. Ɗalibin da ya fito daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ɗan sanin Python, yaren rubuta manhaja, a hannu zai iya wannan aiki sarai. Inda yakan tsaya yana jujjuyawa shi ne zaɓen laburare, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, wanda zai shiga tsakanin manhajarsa da rumbun bayanai.

Guda uku ne suka cancanci a auna su a irin wannan aiki, kuma bari in faɗi matsayina tun yanzu: kada ka auna su da sauƙin ɗauko bayani. A nan duk kunnen doki suke yi. A wurin gyara bayani ne halin kowannensu yake fitowa, kuma a nan ne dukiyar mutane take salwanta.

Na farko shi ne sqlite3, wanda yake zuwa a cikin Python tun sigar 2.5 ta shekarar 2006. Babu saukarwa, babu ƙona data. Yana aiki da SQLite, rumbun da D. Richard Hipp ya fitar a 2000, wanda gaba ɗayansa fayil guda ne a kan kwamfuta, kuma irinsa ne ke cikin wayoyin Android da iPhone da ke aljihunmu. Da shi, kai ne za ka rubuta umarnin SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, da hannunka:

layi = con.execute("SELECT suna, saura FROM kaya WHERE id = ?", (7,)).fetchone()

Na biyu peewee, wanda Charles Leifer ya fara a 2010. Ƙarami ne, yana aiki da rumbunan SQLite da MySQL da PostgreSQL. Za ka siffanta teburin kaya sau ɗaya a cikin Python, daga nan ɗauko layi ya zama kaya = Kaya.get_by_id(7). Na uku SQLAlchemy na Michael Bayer, wanda ya fito a 2006, babban yayansu a girma da yaɗuwa. Ban da waɗancan rumbuna uku, yana magana da Oracle da Microsoft SQL Server. A wurinsa ɗauko layi shi ne kaya = session.get(Kaya, 7). Ka gani, layi ɗaya ne a ko'ina.

Jarrabawa ta farko sunayenmu ne suke yi wa manhaja. Mai koyo da ya ɗauki sqlite3 yakan haɗa umarni ta hanyar manna abin da aka rubuta a cikin jimlar SQL, tsakanin alamun ɗauri guda biyu. Zai gwada da Musa, ya gwada da Funtuwa, komai lafiya. Ranar da aka rubuta Sa'adatu, ko Rabi'u, ko abokin ciniki daga Mai'adua, sai manhaja ta tsaya cik, domin alamar da ke tsakiyar sunan ita ce alamar da SQL yake ɗauka a matsayin ƙarshen rubutu. Wasu maimakon su toshe ramin sai su hana rubuta alamar, su mayar da Isma'il Ismail. Wannan ba gyara ba ne. Ramin da Sa'adatu ta faɗa bisa kuskure, shi ne mugu zai bi da gangan ya cusa nasa umarnin, ya kwashe bayanai ko ya canza su. Maganin yana cikin sqlite3 ɗin kansa, shi ne alamar tambaya da ka gani a misalin sama: ka bar gurbi, ka miƙa ƙimar daban, laburaren ya san yadda zai kai ta. Sai dai dole ka tuna da haka a kowane umarni, har da wanda ka rubuta da tsakar dare kana gyangyaɗi. Peewee da SQLAlchemy kuwa haka suke yi da kansu ba sai an roƙe su ba. Wannan maki nasu ne.

Yanzu ga babbar magana. A ce damina ta kawo jiki, shagon taki ya cika da manoma. Manhaja tana kan laftof ɗin Alhaji, yaran shago biyu suna shiga ta wayoyinsu. Akwai buhu 10 na wani taki a sito. Yaro na farko ya buɗe shafin kayan, ya ga 10. Kafin ya gama ciniki, na biyu ma ya buɗe, ya ga 10. Na farko ya sayar da 3, manhaja ta lissafa 7 ta rubuta. Na biyu ya sayar da 4, manhaja ta cire daga 10 ɗin da ta ɗauko tun ɗazu, ta rubuta 6. Rumbu yana cewa saura 6, a sito kuwa buhu 3 ne. Babu saƙon kuskure, babu abin da ya yi ja a fuskar waya. Sai ƙarshen wata a zo ƙirga kaya a ga buhu 3 sun yi ɓatan dabo, kuma mun san wanda za a kalla. Ba mai manhaja ba ne, yaron shago ne, wanda watakila amanarsa ce kaɗai jarinsa. Abin da ya sa nake ɗaukar wannan batu da zafi ke nan.

Abin mamaki, sqlite3, wanda ya fi kowa tsufan yayi, shi ne ya fi saurin kai ka ga hanyar daidai. Mai rubuta SQL da hannu yakan rubuta:

UPDATE kaya SET saura = saura - 3 WHERE id = 7 AND saura >= 3

A nan rumbun ne da kansa yake yin ragin daga abin da ke ciki a daidai wannan lokaci, ba daga tsohon adadin da aka ɗauko ba. Sharaɗin ƙarshe kuma yana hana a sayar da abin da babu. Sai ka duba rowcount, wato adadin layukan da suka canza: idan 1 ne ciniki ya shiga, idan 0 ne kaya ba su isa ba, a gaya wa mai saye gaskiya.

Peewee yana da tarko a nan, kuma tarkon yana da daɗin shiga. Hanyar da kowa yake fara koya ita ce ka ɗauko kaya, ka rage kaya.saura, ka kira kaya.save(). Ga kyau a ido, amma ita ce ainihin hanyar da ta ɓatar da buhu 3 ɗin nan. Akwai ma abin da ya fi haka: save() a yadda ya zo yana mayar da dukkan guraben layin ne, ba wanda ka taɓa kaɗai ba. Idan Alhaji ya ƙara farashin buhu a tsakanin ɗaukowa da mayarwa, save() ɗin yaron shago zai dawo da tsohon farashi shiru. Ana magance wannan na biyun da only_save_dirty = True a cikin Meta na teburin. Na farkon kuwa sai ka rubuta:

Kaya.update(saura=Kaya.saura - 3).where((Kaya.id == 7) & (Kaya.saura >= 3)).execute()

Wannan daidai yake da umarnin SQL na sama, har yakan dawo maka da adadin layukan da suka canza. Abin da nake so da peewee ke nan: wanda ya san SQL yana kallon layin zai gane abin da za a aika wa rumbu. A nan bai ɓoye komai ba.

SQLAlchemy ya fi zurfin tunani a kan gyara. Yana da abin da yake kira session, wanda yake lura da duk abin da ka ɗauko da abin da ka canza a jikinsa, kuma idan ka kira commit() guraben da suka canza kaɗai yake rubutawa. Saboda haka matsalar farashin Alhaji ba ta tasowa. Matsalar 10 da 7 da 6 dai tana nan daram idan ka yi ragin a cikin Python. Amma ya tanadi makami da sauran ba su zo da shi a shirye ba, wato version_id_col. Za ka ƙara gurbin lamba a tebur, duk gyara sai ya ƙara ta da ɗaya, kuma ba zai karɓi gyaran wanda ya ɗauko layi da tsohuwar lamba ba, sai ya jefa saƙon kuskure na StaleDataError. A lissafin buhuna ba ka buƙatarsa sosai, umarnin ragi ya wadatar. Inda yake da rana shi ne bayanan da ba lissafi ba, kamar malamai biyu suna gyara takardar ɗalibi ɗaya, ɗaya yana canza aji ɗaya yana canza bayanin waliyyi. A kan PostgreSQL ko MySQL kuma akwai with_for_update() mai kulle layi har ka gama, abin da SQLite ba shi da shi.

Sai maganar wuta, wadda ba sai an yi wa ɗan Katsina bayani ba. Ciniki ɗaya rubutu biyu ne ko uku: a rage kaya, a rubuta rasit, a ƙara bashi idan ba a biya ba. Idan kwamfuta ta mutu bayan na farko, kaya sun ragu babu rasit. Dole a ƙunshe su wuri guda, ko duk su shiga ko babu wanda ya shiga. SQLite ya iya wannan ƙwarai, yana da fayil ɗin tuni da yake amfani da shi ya warware aikin da bai kammala ba idan aka sake kunnawa. Abin lura shi ne kowane laburare da irin mantuwar da yake hukuntawa. A sqlite3, canji ba ya tabbata sai ka kira commit(). Idan ka manta, komai zai yi kamar ya shiga muddin manhaja tana buɗe, da an rufe cinikin yini ya tafi. Rubuta aikin a ƙarƙashin with con: yana raba ka da wannan. Peewee akasin haka yake: kowane umarni yana tabbata nan take, sai idan ka sa su cikin with db.atomic():, to mantuwa a nan tana barin rabin ciniki ne a rumbu. SQLAlchemy yana riƙe komai a session har commit(), ya fi kama da na farko. A ganina mantuwar peewee ta fi haɗari domin ba ta nuna kanta da wuri, don haka duk wanda ya zaɓe shi ya mayar da atomic() al'ada tun ranar farko.

Akwai abubuwan da babu laburaren da zai cece ka daga gare su, domin daga rumbun suke. Binciken LIKE a SQLite ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma a haruffan Turanci kawai. Bai san cewa Ɗ da ɗ, ko Ƙ da ƙ, harafi ɗaya ba ne, haka ma upper da lower nasa. Mai neman ɗanjuma ba zai sami Ɗanjuma ba, mai rubuta Kankara ba zai ga Ƙanƙara ba, kuma yawancin masu riƙe da waya ba sa saka lanƙwasa. Abin yi shi ne ka ajiye sunan yadda mai shi yake rubuta shi, ka ƙara wani gurbi na bincike kawai, inda Python ya ƙanƙanta haruffa ya mayar da ɗ d, ƙ k, ɓ b. Idan MySQL ne, ka tabbatar tsarin haruffa utf8mb4 ne, domin sigogin da suka gabaci 8.0 da latin1 suke zuwa, mai mayar da haruffanmu alamar tambaya. Kuɗi kuma a ajiye su da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, domin a Python 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004. Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu, in ba haka ba sifilin farko ya faɗi.

Wani ƙaramin abu da peewee ya sauƙaƙa: SQLite ba ya tilasta alaƙar tebura sai an kunna masa foreign_keys a kowane haɗi, in ba haka ba za a iya goge abokin ciniki a bar bashinsa yana yawo babu mai shi. A peewee layi ɗaya ne lokacin buɗe rumbu, tare da kunna tsarin WAL, wanda SQLite ya samu a 2010, mai barin masu karatu su ci gaba yayin da wani yake rubutu. A SQLAlchemy sai ka rubuta ɗan aikin da zai saurari kowane sabon haɗi. A sqlite3 sai ka tuna da kanka.

Laburare masu ɓoye SQL suna da wata cuta da suka yi tarayya a kai. A ce makaranta tana da ɗalibai 400, kana son jera su kowa da sunan ajinsa. Ka ɗauko ɗalibai da umarni ɗaya, sannan a cikin zagaye kana kiran ɗalibi.aji.suna. A peewee kowane kira umarni ne sabo, 401 ke nan maimakon 1. SQLAlchemy yana rage asarar idan ajin yana cikin session tuni, amma a jera kuɗin da kowane ɗalibi ya biya shi ma haka zai yi. A kan fayil ɗin da ke cikin laftof da ƙyar za ka ji, amma ranar da rumbu ya koma sabar mai nisa, shafi zai riƙa jan ƙafa. Peewee yana da join da prefetch, SQLAlchemy yana da joinedload da selectinload. Kafin magani dai sai an ga ciwon: ka kunna echo=True a SQLAlchemy, ko ka buɗe rahoton peewee ta logging, ka kalli umarnin da ake aikawa da idonka. Mai sqlite3 ba ya faɗawa nan cikin rashin sani, tunda shi ya rubuta kowane umarni, sai dai yana biya ta wata hanya: manhaja mai tebur goma sha biyu ta cika da jimlolin SQL a warwatse, a canza sunan gurbi ɗaya a yi ta farauta.

To idan kasuwa ta buɗe, Alhaji ya buɗe reshe a Funtuwa ko Malumfashi fa? SQLite mutum ɗaya yake bari ya yi rubutu a lokaci guda. Sauran su jira, kuma sqlite3 daƙiƙa 5 yake jira kafin ya ce rumbu a kulle yake. Ga shago ɗaya wannan ya isa har da rara. Abin da ba a yi shi ne a ajiye fayil ɗin a babban fayil na tarayya kwamfutoci da yawa suna buɗe shi kai tsaye, masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Idan rassa suka yawaita, PostgreSQL ake komawa. Mai sqlite3 zai bi umarninsa ɗaya bayan ɗaya, domin ko alamar gurbi ta bambanta, psycopg, laburaren da ke haɗa Python da PostgreSQL, da %s yake aiki ba alamar tambaya ba. Mai peewee zai musanya SqliteDatabase da PostgresqlDatabase, mafi yawan kod ya zauna yadda yake. Mai SQLAlchemy zai canza adireshin rumbu. Inda SQLAlchemy ya yi musu fintinkau shi ne canza fasalin tebura bayan manhaja ta fara aiki. Alembic, wanda shi ma Michael Bayer ne ya rubuta, yana ajiye tarihin kowane canji a jere, ya san inda kowane rumbu ya tsaya, ya kai shi gaba ko ya dawo da shi baya. Playhouse.migrate na peewee zai ƙara maka gurbi ko ya canza suna, amma riƙe tarihin yana wuyanka.

Farashin wannan ƙarfi shi ne lokacin koyo. Sai ka fahimci yaushe session yake aika canji, me ya sa yake sake ɗauko abu bayan commit(), me ya sa DetachedInstanceError ya fito bayan an rufe shi. Ƙari a kan haka, sigar 2.0 da ta fito a Janairun 2023 ta sauya salon rubuta tambaya daga session.query() zuwa select(), ga intanet cike da darussan tsohon salo, mai koyo ya haɗa wannan da wancan ya ruɗe. Ba a hayo tarakta domin gonar bayan gida. Amma ba zan ɓoye ba, SQLAlchemy ya fi peewee yawan masu amfani nesa ba kusa ba, wasu kayan aiki irin su Flask-SQLAlchemy da SQLModel a kansa aka gina su, kuma mai burin aiki da manyan kamfanoni zai haɗu da shi ko ba jima ko ba daɗe. Wanda kuma ya riga ya gina manhajarsa da Django, tsarin gina manhajar intanet na Python, kada ya wahalar da kansa, ya yi amfani da laburaren rumbu na cikin Django ɗin, ya dai koyi F() domin ragin kaya, don save() ɗinsa ma irin halin na peewee gare shi.

Ga yadda zan raba su. Idan aikin na mutum ɗaya ne a kwamfuta ɗaya, tebur uku ko huɗu, kamar rajistar kuɗin ƙungiya ko adashi, sqlite3 ya isa, kuma duk mai koyo ya kamata ya yi aiki ɗaya cikakke da shi kafin ya taɓa sauran, domin wanda bai taɓa rubuta UPDATE da hannunsa ba ba zai gane abin da save() yake yi a bayan fage ba. Idan kanti ne ko makaranta ko ƙaramin asibiti, masu shiga biyu zuwa biyar, peewee nake ba da shawara. Dalilina bai tsaya ga sauƙi ba. Masu rubuta irin waɗannan manhajoji ba sa daɗewa a wuri ɗaya: bautar ƙasa ta kira, ko aiki ya samu a Kano ko Abuja, a bar wa ƙane ko aboki riƙo. Kod ɗin peewee wanda ya gaje shi zai karanta ya fahimta cikin ɗan lokaci, mai kanti bai shiga uku ba. SQLAlchemy kuwa sai idan tun farko an san rassa za su yi yawa, ko mutum fiye da ɗaya ne za su rubuta manhajar, ko fasalin tebura zai yi ta canzawa shekara da shekaru.

Ko wanne ka ɗauka, kafin ka miƙa wa Alhaji ka buɗe manhajar a waya biyu, ka buɗe kaya ɗaya a kowace, ka sayar a nan ka sayar a can, ka duba ko lissafi ya fita. Ka kashe ta a tsakiyar ciniki ka ga abin da ya rage a rumbu. Ka yi rajistar Sa'adatu daga Mai'adua, ka neme ta. Sannan ka shirya kwafin ajiya na kullum, kuma kada ya zama jan fayil zuwa filashi alhali manhaja tana buɗe, domin a tsarin WAL sababbin rubuce-rubuce suna iya kasancewa a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, ka kwafi babban ka bar cinikin ƙarshe a baya. Tun Python 3.7 akwai con.backup() a cikin sqlite3, mai ɗaukar cikakken kwafi ko ana cikin aiki, kuma masu peewee da SQLAlchemy ma za su iya buɗe fayil ɗin da shi su kira shi duk yamma bayan an rufe shago.